Fada George da Kabarin Ɗana

Shekaruna saba'in da takwas, na yi ritaya ina shugabar makaranta, kuma ba na neman tausayin kowa. Mai hawaye ya kai su gidan da ake buƙatarsu.

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairu, labari ya bazu a Dutse cewa Fada George, limamin cocinmu na Katolika, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Zumuntar matan coci ta ce ni zan rubuta ta'aziyya, tunda ni ce babbarsu. Ga ta.

Fada, ba zan tauye maka haƙƙi ba. Shekarar da ambaliya ta cinye gonakin Miga, da kanka ka tuƙa motar hatsi, ba ka tambayi kowa addininsa ba. Kai ka yi wa ɗana Reuben baftisma, kai ka goya shi a babur zuwa asibiti ranar da maciji ya sare shi.

Amma a zamanin mulkin soja, da aka tsare maigidana saboda yajin aikin malamai, an ce kai ka miƙa sunansa. Ban gani ba, ba zan rantse ba. Abin da idona ya gani shi ne kana sa wa masu kaki albarka a teburinsu, shi kuwa ƙafafunsa na kumbura a ɗakin tsaro. Har ya mutu bai ƙara taka ƙasa daidai ba.

Ka sha faɗa a kan bagade cewa zaman namiji da namiji ba aure ba ne. Ban taɓa yi maka gardama ba. Sai bara Reuben ya rasu, tsegumi ya riga gawarsa isa coci: wai gida ɗaya yake zaune da abokinsa Ebenezer. Ka hana a yi masa addu'ar jana'iza, ka hana shi kabari kusa da ubansa.

"Mama, haƙuri za ki yi," ka ce mini. "Doka ce."

Na ce, "Fada, ita dokar nan ba ta san hanyar barikin soja ba ne?"

Ka sunkuyar da kai, ka shige ofis.

Malam Gwadabe na Buji, Musulmin da ke noma mini gona, shi ya haƙa ramin a gefen geronsa, Ebenezer na kwashe ƙasa. A can ɗana yake kwance.

Allah ya jiƙanka, ya auna maka da mudun da ya fi naka faɗi. Ina yi wa ƙanwarka Susanna da dukan dangi ta'aziyya. Ubangiji ya sanyaya musu zuciya.

Sai magana ɗaya ga kwamitin coci. Filina da ke bakin maƙabarta, wanda kuke shirin gina zaure a kansa da sunan Fada, na riga na mallaka wa Ebenezer ranar Litinin, a gaban mai unguwa da shaidu. Har ya fara sauke bulo. Duk mai zuwa ziyarar kabarinka, Fada, ta ƙofar gidansa zai wuce.

Malama Magdalena, Dutse