Sai Mai Ya Hau

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baba Ezekiyel daga Keffi zuwa Garaku ya san ba motar mai gaggawa ba ce. Maƙwabcina ne a Jigwada, kuma ban taɓa ganin ya tayar da mota ya wuce nan take ba. Sai ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Sannan ya murɗa makulli ya naɗe hannu.

Fasinjoji su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Wanda ya tambayi dalili kuwa ya jawo wa kowa lacca. In mota ta kwana, in ji shi, mai duk ya gangara ƙasan inji ya kwanta. Sai famfo ya tsotso shi, ya tace, ya tura shi sama, ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya raba su, ya kwashe zafi da datti. Ka taka totur kafin nan, ƙarfe ne ke cin ɗan'uwansa a bushe. Matarsa Judit, uwar ɗansu Ruben, ta sha wannan bayani har ta haddace.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce ƙafar za ta dawo in yana motsa ta kullum, in ya bar ta kuwa shi ke nan. Baba Ezekiyel ya juya fuska bango. Lallashi, faɗa, addu'ar fasto, babu abin da ya ɗaga shi. Ni ma na yi nawa na fito da haushi, don taurin kan mutumin nan ya fi ƙarfina.

Wata safiya Judit ta roƙe ni in ɗaura wa motar batir. Da na gama ta zauna kujerar direba, ita da ba ta taɓa tuƙi ba, ta ce, "Wanne ne totur?"

Na nuna mata. Inji na kamawa ta danna shi har ƙasa. Ƙarar ta cika unguwa.

Daga ɗaki muka ji muryarsa, harshe a karye: "Maman Ruben, ɗaga ƙafarki! Mai bai hau ba!"

Ta ce, "Ba na jin ka. In da magana, ka fito."

Ta ƙara takawa, hawaye na zubo mata. Can sai ga shi bakin ƙofa, dafe da bango, yana jan ƙafa yana masifa. Sannan Judit ta ɗaga tata ƙafar daga totur. Ya lallaɓo har gaban motar, ya ɗora hannun hagu a kan murfin inji, ya daɗe yana sauraro.

Ya ce, "Kin kusa kashe ta."

Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Gobe ma zan tayar. In ba ka so, ka riga ni fitowa."