Mai Laima, Tafintar Da Ba Ta Rage Magana

An karɓe katin aikin Mai Laima ranar Litinin da ta wuce, kwana tara bayan wani taro da aka yi a ajin makarantar firamare ta unguwar masunta. Takardar da ofishin yawon buɗe ido ya miƙa mata layi huɗu ce: an yi mata ritaya saboda shekaru, ana kuma godiya. Shekarunta sittin da ɗaya. Akwai mutum biyu a ofishin da suka girme ta, suna nan a kan kujerunsu. Ta yi shekara talatin da uku tana tafinta tsakanin mutanen tsibirin nan da baƙin da ke tsallako ruwa don kallonsa. Ba a tara kowa don sallamarta ba, ba wanda ya tashi ya yi jawabi. Abin da ya kamata a faɗa a ranar, ga shi nan.

Ƙarfe shida na safe take fita, da baƙar laimar da ta jawo mata suna. Ba tashar kwale-kwale take fara zuwa ba. Sai ta bi gaɓar teku da ƙafa ta duba wace hanya ce ta kwana, domin a garin nan hanyar da aka bi jiya ba lallai a same ta yau ba. Daga nan ta shiga unguwa gida-gida tana gaisuwa. Ta ji wa ke da marar lafiya, wa aka yi wa rasuwa, wa ya yarda baƙi su shigo tsakar gidansa yau, wa ya ce a bar shi ya huta. Ƙarfe takwas, lokacin da kwale-kwalen farko ya iso, ta riga ta san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa da waɗanda za a wuce.

Kafin baƙi su taka tudu, takan faɗa musu magana ɗaya a harshensu, ta kuma maimaita ta da harshen gari don masu dako da masu talla su ji: "Duk abin da aka faɗa a gabana zan juya shi. Naku zan kai musu, nasu zan kawo muku. Wanda ba ya so a ji, kada ya faɗa." Baƙi sukan yi dariya, suna zaton raha ce.

Ba ta yi makarantar koyon harsuna ba. A ɗakin wanki na tsohon otal ta fara aiki tana da shekara sha tara. Kalmar da ta ji a bakin baƙi sai ta rubuta ta yadda kunnenta ya kama a bayan takardar lissafin zannuwan gado, washegari ta gwada ta a kan wani baƙon. Yau tana jin harsunan baƙi huɗu, ban da biyu na tsibirin.

Lokacin da ta fara kai baƙi yawo, layin gidaje shida ne tsakanin hasumiyar fitilar jiragen ruwa da bakin teku. Yanzu saura biyu. Tsohuwar kasuwa tana ƙarƙashin ruwa, haka filin ƙwallo. Idan ruwa ya janye sosai, bakin rijiyar unguwa yakan leƙo kamar kan kada. Mutanen unguwar ba su da masana'anta, mafi yawansu ba su taɓa shiga jirgin sama ba. Hayaƙin da ya ɗumama duniya har teku ta kumbura ba daga murhunsu ya tashi ba. Amma su ne a bakin ruwa.

Shekara shida da suka wuce aka kawo sabon shugaban ofis, ya zo da dabara. Aka buga manyan alluna da hoton wani gida da ya rushe rabi, aka rubuta a ƙasa da harsuna huɗu: a zo a gani kafin ya nutse. Dabarar ta ci. Baƙi suka ninka, otal ya ƙara bene biyu. Mai gidan da ke cikin hoton yana zaune a ɗaki guda wajen surukinsa, ba a taɓa tambayarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ofis ya raba wa tafintoci takardar abin da za su riƙa faɗa. A ciki akwai jimlar da ke cewa mutanen unguwar sun rungumi ƙaddara, suna zaune lafiya da teku. Mai Laima ba ta taɓa furta ta ba. Idan baƙo ya tambayi yadda mutane suke ji, sai ta ce, "Ga su nan, bakinsu na aiki," ta kai shi ƙofar wani.

Ƙanin mijinta, wanda ke tuƙa kwale-kwalen ofis, ya ba ni labarin wata rana da ya gani da idonsa. Wani baƙo mai kyamara biyu a wuya ya tarar da tsohon da ke gyaran taru, wanda duk unguwa ke kira Kawu, yana zaune a kan ragowar katangar gidan mahaifinsa. Baƙon ya ce wa tafinta ta gaya wa tsohon ya daina murmushi, ya kalli teku, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Na ce a raina yau za ta yi kwana da maganar," in ji matuƙin. "Ina. Matar yayan nan nawa, ko kunu ka ce ta rage wa zafi sai ta ce haka aka dama shi. Ta juya masa tsaf."

Kawu ya ajiye allurar taru ya ce, "Tambaye shi, gidan ubansa yana nan?"

Ta tambaya. Baƙon ya ce yana nan.

"To ki ce masa ya zauna. In ya ji yadda nawa ya tafi, fuskar da yake nema za ta zo da kanta, watakila ma a tasa fuskar."

Baƙon ya zauna a kan katangar. Sun yi kusan awa guda, ita tana tsakiya tana kai wa tana kawowa. Ya tafi bai ɗauki hoto ba. Wannan ne aikinta. Ba ta ɗauki baƙo maƙiyi ba. Takan ce bai sani ba ne, kuma idan ya koma gida bai sani ba, laifinta ne.

Bana kamfanin da ke da otal ya samu izinin gina katangar duwatsu don tare igiyar ruwa. Aka sauke duwatsun a tashar kwale-kwale, tuli guda ya fi gida tsawo. Ofis ya sanar cewa katangar za ta kare garin. Doka ta ce sai an yi taro da mazauna kafin a fara, don haka aka kira taro a makaranta da hantsi, aka jera manya a kan bencin yara. Injiniyan da ya zana katangar baƙo ne, ba ya jin ko gaisuwa. Aka zaunar da shi a gaban allo, shugaban ofis a damansa, Mai Laima a tsaye a hagu. Mutum huɗu da suka halarta sun ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Bayan an gama nuna zane, Kawu ya miƙe da sandarsa.

"'Yar nan, tambayar mini shi. Ruwa dai ba ya mutuwa. In ya doki katangar otal, ina zai nufa?"

Injiniyan bai ɓoye ba. Ya ce ruwan zai zame gefe, ya riƙa cin gaɓar da ke kudu da katangar fiye da yadda yake ci yanzu, watakila ninki biyu. Ya ce ya rubuta haka a rahotonsa, shafi na arba'in da biyu, ya kuma ba da shawarar a tsawaita katangar da mita ɗari uku. Kudu da katangar, nan ne unguwar masunta.

Kafin ta buɗe baki, shugaban ya miƙo wuya ta bayan injiniyan ya yi mata raɗa: "Ce musu ana kan nazari. Kada ki tayar mana da hankalin mutane."

Ta juya maganar injiniyan duka, har da lambar shafin. Sannan, da murya iri ɗaya, ba ta ɗaga ba ba ta sauke ba, ta ce, "Shugaba kuma ya ce in gaya muku ana kan nazari, kada in tayar muku da hankali." Ta waiwaya wajen injiniyan ta faɗa masa haka a harshensa.

Kawu ne ya fara magana.

"Ki gaya wa shugaba mun gode."

"Yana jin harshenmu, Kawu."

"Ashe? Shekara shida ban ga alama ba."

Injiniyan ya tambaya ko ba a fassara wa mazauna rahoton ba. Ta juya tambayar. Aji guda ya amsa masa, amsar kuwa ba ta buƙaci tafinta ba. Ya rufe fayil ɗinsa ya ce ba zai sa hannu a fara aiki ba sai an mayar da batun tsawaita katangar gaban kwamitin da ya ba da izini.

Da yamma shugaban ya kira ta ofis. Ƙofa a buɗe take, masu jiran takardu sun ji.

"Wa ya ɗauke ki aiki?"

"Ofis, ranka ya daɗe."

"To wa kike yi wa aiki?"

"Wanda ke saurare. Da kai ne ba ka jin harshen, abin da zan yi maka ke nan."

Na nemi jin ta bakin shugaban. Ya ce ritayar ba ta da alaƙa da taron. Da na tambaye shi batun mutum biyun da suka girme ta, ya ce yana da baƙi.

Ba kowa ne ya gode mata ba, kuma dole a faɗi wannan. Otal ɗin ma ruwa na cin gindinsa, mutum saba'in ne ke cin abinci a cikinsa, ciki har da 'yarta ta fari da ke aiki a ɗakin girki. Na same su a tsakar gida, uwar tana tsince shinkafa a faranti, 'yar tana tsaye da rigar aiki.

"Inna, da kin yi shiru da yanzu an fara zuba duwatsu."

"Da an fara. A ƙofar wa ruwan zai kwana?"

"Ke ko gida ba ki da shi a unguwar. Muna nan kan tudu."

"Shi ya sa aka zaci zan yi shiru."

"In aka rufe otal, ke za ki ciyar da jikokinki?"

"Ban ce kada a kare otal ba. Mutumin ya ce mita ɗari uku, na ce mita ɗari uku. Ban ƙara ko taku ɗaya ba."

'Yar ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama. Uwar ta ci gaba da tsintar shinkafa. Damuwar 'yar gaskiya ce. Amma ba tafinta ce ta ɓoye shafi na arba'in da biyu ba, ba ita ta yi niyyar tura teku ɗakunan kwanan mutane a kira abin kariya ba. Wanda ya yi haka yana nan a ofis da fanka a kansa.

Ke ce, Mai Laima, gadar da ba ta karkata wa mai nauyi. Ke ce kika hana a mayar da maƙwabtanki kayan kallo, kika sa baƙo ya yi sallama kafin ya ɗaga kyamara. Shekara talatin da uku kina tsaye tsakanin mutanen da ba sa jin juna, da kin so da kin sayar da kowane ɓangare ga ɗayan ba wanda zai gane. A ajin nan mutum biyu kaɗai suka ji abin da injiniya ya faɗa, ke da shugaba. Da kin haɗiye, da sai ranar da ruwa ya shigo ɗaki za a sani. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar ƙafa da ta murya.

Ga sauran tafintoci kuwa, na asibiti da na kotu da na tarukan da ake yanke wa talaka hukunci da harshen da ba ya ji: wanda ya dogara da bakinku ba shi da hanyar gane kun rage. Wannan ne ya sa ragewar ta zama cin amana. Ku faɗi abin da aka faɗa. Ku kuma masu zuwa kallon wuraren da ruwa ko fari ke cinyewa, ku zo, amma ku tambayi mai gida, ku kuma tabbatar amsarsa ce aka ba ku.

Kwamitin zai zauna ranar sha huɗu ga watan gobe, injiniyan zai dawo don zaman. Mazauna unguwar sun rubuta takarda mai sa hannu da dangwalen yatsa ɗari da sha biyu, suna neman a bar Mai Laima ta yi tafinta a ranar, ko da ba katin aiki. Ofis ya karɓi takardar ya buga mata hatimi ranar Alhamis. Lokacin manyan igiyoyi zai kama nan da mako shida. Har zuwa lokacin da aka kammala wannan rubutu, ofis bai ba da amsa ba.