Kujerar Baya Ga Malamin Lissafi

Shekara goma sha biyu tana raba wa matafiya kujeru a filin jirgi, ba ta taɓa cutar kowa ba, sai ranar da tsohon malaminsu na lissafi ya miƙo mata fasfo, zai tafi hutu ƙasar waje. Shi ne ya dasa ta a bencin baya shekara uku cur, yana kiranta daƙiƙiya. Ko gane ta bai yi ba.

"'Yata, a samo min ta gaba-gaba."

"An gama, Malam," ta ce, har da rusunawa.

Ta zaɓa masa layin ƙarshe, kujerar tsakiya wadda ba ta kwantawa, dab da ƙofar bayi. Tafiyar awa goma sha huɗu ce.

Ta miƙa masa katin tana murmushi. "Na baya ma suna isa, Malam. Ni ce shaida."