Askar Mati Bahago

Mati bahago ne tun yana goye, sai kuma Allah ya ajiye shi a gidan wanzamai, inda ba a taɓa ɗora wa mutum aska a ka da hannun hagu ba. Kawunsa Ilu, wanzamin garin Ɗanzomo, shi ya riƙe shi. Mutumin kirki ne, amma da zarar ya ga aska a hagun Mati sai fatar wasa aska ta sauka a bayan hannun. A haka Mati ya koyi aiki da dama, aikin da bai taɓa zama masa ba. Duk kan da ya biyo ta gabansa sai ya tashi da tabo nan da can, har manoma suna tsokanarsa wai shi ba aski yake yi ba, huɗa ce. Ba su san in ya laɓe bayan rumbu da hagu yake kankare ƙwarya har ta yi sumul ba.

Bayan yunwar Kakalaba ta wuce aka samu damina mai albarka, sai matar Cindo mai jakai ta haifi namiji, haihuwar farko a gidan tun da yunwa ta ɗauke musu yara. Gari ya ɗauka da murna. A makon ne kuma kurkunu ya kwantar da Ilu, ƙafa ta kumbura, ko bakin zaure ba ya iya kaiwa. Ranar suna dole ya miƙa wa Mati zabira, jakar da askakensa ke ciki.

"Da dama, ka ji ni ko?" in ji Ilu. "In labarin hagu ya zo kunnena, ka dawo min da zabirata ka nemi fartanya."

Mati ya ce to, ya rataya zabira. Kai, wannan rana da ka gan shi ka ga saurayi. Baki har kunne, yana gaida kowa, har wanda ya riga ya gaisar. Askin suna shi kaɗai, a gaban gari.

An raɗa suna, an raba goro, aka shigar da shi tsakar gida. Goggo Zinariya, kakar jaririn, ta zauna a tabarma ta rungume shi, mata sun yi da'ira. Mati ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya ɗauki aska da dama. Sai idonsa ya sauka kan maɗiga, wurin nan mai taushi a tsakar kai, tana ɗagawa tana sauka. Murna ta gudu, tsoro ya maye gurbinta. Wannan ba kan manomi ba ne da zai yi tsaki ya shafa toka ya wuce.

Ya tsaya, ya mayar da askar zuwa hagu a gaban kowa.

Goggo ta janye jaririn jikinta.

"Da hagu, ɗan nan? A kan jikana?"

"Goggo, wannan hannun shi ne nawa," in ji Mati. "Da ɗayan zan iya yankarsa. In kin ce a'a, sai in tattara kayana, ba zan ji haushi ba."

Tsohuwar ta dubi daman da ke karkarwa a kan gwiwarsa, ta dubi hagun da ya tsaya cak da aska. Ba ta son abin, fuskarta ma ta nuna. Amma ta binne jikoki, ta san abin da ta fi tsoro.

"Yi bisimilla," ta ce.

To, nan fa aka ga aiki. Askar na tafiya shar, shar, gashi na zuba cikin ƙwarya, hannu ya kewaye maɗiga a hankali bai ko taɓa ta da nauyi ba. Jariri ya yi hamma ya koma barcinsa. Ko ɗigon jini babu. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa, Mati kuwa daɗi ya cika shi har yana jin hawaye.

Daga baya akwai gidajen da har ya tsufa ba su taɓa kiransa ba, bai kuma sake riƙe aska da dama don su kira shi ba. Amma a ranar, labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da Ilu a kishingiɗe, fuska a murtuke. Mati ya durƙusa ya ajiye zabira a gabansa kamar yadda aka yi alkawari.

Ilu ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Can ya cire hularsa, ya sunkuyo da kai.

"Wasa askar," ya ce. "Ni ma in ji da kaina."