Yadda Jikana Ya Zama Yanto

Akwai abin da har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shi ba. Ya faru ne a shekarar da ƙanƙara ta binne motoci a Washington, bayan an yi mini aikin gwiwa, kafin cutar nan da ta sa aka kulle masallatai. Lokacin Malam, maigidana, bai daɗe da rasuwa ba, sai ɗana likita ya ɗauko ni daga Kano ya ajiye ni a saman wani dogon bene a Silver Spring, nan gefen Washington.

Matarsa Baturiya ce, amma kada ka kuskura ka ce mata 'yar Ingila. 'Yar Wales ce, suna da yarensu daban. Yarinyar kirki, ta koyi gaisuwa da durƙuso, tana tuƙa tuwo ko da yake da gudaji. Da ta haifi namiji sai uwarta ta taso daga can, wata tsohuwa 'yar firit mai farin gashi, ita ma mijinta ya rasu. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Turanci, amma tun ranar da muka haɗa ido a kicin kowacce ta gane abin da ke ran 'yar'uwarta. Suna ne.

Ita tana so a sa wa yaro sunan Wales. Ni kuwa na ce sunan Malam za a mayar. Likita ya zo yana lallaɓa ni, wai a raɗa sunan Malam, a riƙa kiransa da na Wales a gida kamar lakabi. Ni ban yi boko ba, amma na san ƙofar baya idan na gan ta. Jikokina na Kano da aka mayar wa sunan Malam, daga Abba sai Baffa sai Halifa, har makwabta sun manta sunansu na gaskiya. Ranar suna, bayan an yanko rago daga wata gona ta bayan garin Clinton, matanmu Hausawa na unguwar Hyattsville sun cika falo ana cin waina, na gyara mayafi na yanke hukunci a gaban kowa: yaron nan babu lakabi, babu inkiya, da sunan yanka za a kira shi, Amurka ta ji sunan Malam. Mata suka yi guɗa. Tsohuwar ta yi murmushi ta ci gaba da shan shayinta.

Da baƙi suka watse aka miƙo mini jariri. Na buɗe baki zan kira shi, sai bakin ya tsaya a buɗe. Tun ranar da aka kai ni ɗakin Malam har aka fita da gawarsa, ban taɓa furta sunansa ba. Mace mai kunya ba ta kiran sunan miji, haka na taso na ga uwata. Ko 'yar kasuwa ce ke da ɗa mai irin sunan, sai in ce mai sunan Malam. Ga shi kuma da bakina na toshe duk wata hanya.

Na koma dabaru. In ce "yaron nan", in ce "kai", in tafa hannu. Tsohuwar nan kuwa, wallahi ta gano ni. Sai ta ɗauko shi ta zauna daidai gabana tana jijjiga shi, tana rera sunan Malam gatsal, babu ko Alhaji, tana jan ƙarshensa kamar mai tallan fura. In ta gama ta miƙo mini shi, ta ɗaga gira, wai saura ni. Ni kuma sai tari ya kama ni.

Abin ya daina zama wasa ranar da na iske surukata tana hawaye a kicin. Na tsare Likita na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, cewa ta yi kin yi faɗa a kan sunan, ga shi ko sau ɗaya ba ki kira shi ba. Tana ganin don jininta ne ba kya son yaron."

Wannan ta soke ni. Na san zai iya yi mata bayani, amma yaro zai girma, wata rana shi ma zai lura kakarsa ba ta kiransa. Sai dai ni ba macen da za ta ce ta janye ba ce, bayan matan Hyattsville sun yi mini guɗa. Na tara su a falo, na yi fuskar tausayi. Na ce na dubi baiwar Allahn nan, ta ƙetaro teku da tsufanta, ba daidai ba ne ta koma hannu rabbana. Na yafe, a ƙara sunan Wales. Amma ni zan zaɓa.

Surukata ta fara jero sunayen danginsu. Na ce ta dakata, ba a zaɓen suna a zaune. Suna na kira ne, sai an ji yadda zai kai ga yaron da ya yi nisa da gida. Na yafa bargo muka fita baranda cikin sanyin nan. Ta faɗi Gwilim, na ƙwala, ya faɗi a gabana kamar dutse. Emris ya maƙale mini a haƙori. Akwai wani da sai ka hura iska ta gefen harshe kamar kyanwa ta fusata, na ce wannan ko kyauta ba na so. Wani mutum da ke haƙo motarsa daga ƙanƙara ya ajiye shebur yana kallon sama. Can surukata ta ce Yanto. Na cika ƙirji na sake shi, ya tsallaka wurin ajiye motoci, ya bugi benen da ke gabanmu ya dawo. Na ce shi ke nan, wannan zai dawo da yaro cin tuwo.

Na juyo sai na ga tsohuwar ta dafe ƙofa, idonta ya cika da hawaye. Surukata ta ce a hankali, "Mama, haka ake kiran babana a gida."

Tsohuwar ta share ido, ta matso ta kama hannuna. Sai ta dubi cikin idona ta faɗi sunan Malam, a hankali, sarai, sannan ta kashe mini ido ɗaya. Ni ma na ce mata Yanto. Daga ranar ta riƙe mijina a bakinta, na riƙe nata.

Har yau a bukukuwanmu ana ba da labarin karamcina, ni kuma ina karɓar yabon, don ban ga wanda ya fi ni dacewa da shi ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka kafa wa mutane doka a gaban taro, fara gwada ta a bakinka.

Cikin matan da suka yi guɗar nan, wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Likita da matarsa suna nan. Tsohuwar tana raye can Wales, duk Lahadi sai ta bugo waya ta kira sunan Malam, ta tsaya ta ji ko zan yi tari. Yanto kuwa ya kusa kamo ni a tsawo. Kowa a makaranta da sunan Malam yake kiransa, amma in na fito baranda na ƙwala Yanto, ko yana ƙarshen layi sai ya juyo.