Abin da Ya Rage a Kwamfutar Kawu

Muna sallame sallar asuba ranar Juma'ar da ta wuce muka nufi tasha a nan Kaduna, ni da wani abokin aikina da zai je Abuja neman canjin wurin aiki. Ni kuwa ƙanin mahaifiyata ne ya aiko a kira ni. Kawu magatakarda ne a wata ma'aikatar tarayya da aka kwaso daga Ikko watanni biyu da suka wuce, kuma tun da aka sauke kwamfutar ofishinsa daga babbar mota ta ƙi tashi. Gyaran kwamfuta shi ne sana'ata. Na zuba sukurudireba da auduga da kwalbar sifirit a jaka, ina ganin aikin rabin yini ne.

An kwana ana ruwa, daji ya yi kore shar tun daga Kateri har Jere. A Tafa direba ya tsaya, muka ci doya da ƙwai. Mai shayin ya ce tun da gwamnati ta dawo kusa da su komai ya yi tsada, har ruwan zafi. Abokina ya ce to a ba shi shayin da aka dafa kafin gwamnati ta iso. Daga Zuba zuwa cikin gari manyan motoci muka yi ta wucewa, maƙare da tebura da kujeru da akwatunan fayil, an lulluɓe su da tamfol. Abuja kanta titi ne mai faɗi babu mutane, da gine-ginen da ba a gama ba. A tashar Jabi muka rabu da abokina.

Na tarar da Kawu a ofis ya rame. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta rasu a Ikko bara bayan doguwar jinya, ƴarsu guda mai shekara tara kuma tana gidanmu wajen mahaifiyata. Sai da ya tura ƙofa sannan ya gaya mini ainihin dalilin kiran. Da marigayiyar ta ga jikin ba na tashi ba ne, kullum ya je asibiti sai ta faɗa masa abin da take so a gaya wa yarinyar idan ta girma: sunayen danginta na Daura, yadda take haɗa miyar da yarinyar ke so, da nasihohi iri-iri. Yana rubutawa a bayan takardun magani, washegari ya buga a kwamfutar ofis. Shafi arba'in da wani abu. Bai taɓa fitar da su a takarda ba, don injin bugawar na kowa da kowa ne, ba ya so a karanta. Takardun maganin kuma sun salwanta wajen kwasar kaya.

"Wani ya taɓa ta kafin ni, Kawu?"

Ya ce ofis sun ɗauko wani mai gyara a makon farko. Mutumin ya ce zai sake sa mata manhajar da take tashi da ita, aikin ya tsaya a tsakiya, ya tafi bai dawo ba. Na juya wajen kwamfutar.

Tsohuwa ce, irin mai baƙin allo da ake rubuta wa umarni da hannu, ba sababbin nan masu hotuna ba. Da na buɗe ta na ga jijjigar hanya ta sassauta wayar babban faifan da ke ciki, ƙaramin batirin da ke riƙe mata lissafi kuma ya mutu, har ta manta irin faifan da take ɗauke da shi. Wannan ne kawai ciwonta tun farko. Na danna wayar, na kwafi lambobin da ke jikin faifan na shigar mata. Ta gan shi, amma ta ce babu abin da za ta tashi da shi.

Kawu ya fito da ƙananan fayafayi uku na manhajar da suka zo da ita tun tana sabuwa. Na farko ya shiga lafiya, na biyu ma haka. A na uku ta fara gurnani, ta ce ta kasa karantawa, in sake ko in haƙura. Na sake sau huɗu. Na goge bakin injin da sifirit, duk a banza. Da na ja murfin faifan na haska a taga, sai ga fumfunar danshin Ikko ta yi masa zane fari. Aka ɗauke wuta, muka tafi masallaci.

A Dutse Alhaji na kwana, inda Kawu ya kama ɗaki ɗaya saboda gidajen ma'aikata ba su kai kansu ba. Duwatsu ne baƙaƙe a bayan gari, gaba kuma rumfunan ƴan Kano da Katsina. Wata mata ƴar Gwari ta sayar mana da tuwo da miyar ganye mai daɗi, amma Kawu loma uku ya yi ya wanke hannu.

Ranar Asabar muka shiga neman faifai na uku. A Wuse wani mai shago ya juya namu ya yi dariya. "Oga, wannan ya tsufa fa. Ba wanda yana amfani da shi yanzu, ka sayi sabuwar inji kawai." Shago biyar muka shiga, amsar ɗaya. Daga ƙarshe aka kwatanta mana wani Bazazzagi a Gudu da ke buga wa mutane takardun neman aiki. Gudu ɗin ƴan rumfuna ne da laka har idon sawu. Mutumin yana jin labarin ya jawo wani gwangwanin biskit, ya ciro irin namu sak guda uku. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce a dai sa marigayiyar a addu'a.

Mai gadi ya buɗe mana ofis da la'asar. Wannan karon faifai na uku ya wuce sumul, kwamfuta ta tashi. Kawu ya ce alhamdu lillahi har sau uku, ya matso da kujera. Na rubuta umarnin da zai jero abin da ke ciki. Babu komai sai manhajar kanta. Mai gyaran farko ya share faifan gaba ɗaya kafin ya fara, sannan ya zuba nasa kayan a kai.

Akwai dabarar tono abin da aka share, na yi ta har gab da magariba. Abin da ya fito tarkace ne, lambobi da alamomi, sai guntun kalmomi nan da can: daddawa, gwaggonki, Daura. Layi ɗaya tak ya fito kusan cikakke: idan abu ya dame ki, ki gaya wa babanki, yana da shiru amma yana

Daga nan alamomi suka ci gaba.

Kawu ya daɗe yana kallon allon. Sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Ɗana, ka san na manta ƙarshen maganar nan? Ni na rubuta, amma na manta." Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka kawo yarinyar gidanmu. Na ce ya yafe mini. Ya ce me na yi, ai na gyara abin da aka kira ni in gyara.

Da safiyar Lahadi ya ce mu koma ofis kafin in tafi. Ya zauna yana faɗar abin da ya iya tunawa, ina bugawa. Sunayen dangi ya kawo tara ya tsaya. Miyar bai san ko daddawa ake fara sawa ko albasa ba. Muka samu shafi biyu da rabi. Na fitar da su a takarda kashi uku, ya riƙe ɗaya, ya ba ni biyu.

A hanyar dawowa ban sauka a Tafa ba. Abokina, da muka sake haɗuwa a tashar Jabi, yana ta ba da labarin yadda aka yi ta tura shi daga hawa na biyu zuwa na huɗu ana cewa fayil ɗinsa yana Ikko, mutanen mota na dariya, ni ina riƙe da ambulan a cinya. Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗan kaɗan ne, kuma na aiki ne: ba zan ƙara ɗora hannu a kan kwamfutar kowa ba sai na tambaye shi me ke ciki da ba shi da shi a wani wuri. Da mutumin farko ya yi tambayar nan, da waya ɗaya kawai zai danna.

Na isa gida ana kiran la'asar. Mahaifiyata ta karɓi ambulan, ta sa na karanta mata a ɗaki. Da na zo wajen sunaye ta ɗaga hannu, ta ƙara guda biyu da ta sani tun ranar bikin Kawu. Na rubuta su da biro a gefen takardar.