Kaskon Kakata

Shekarar da na gama jami'a na je ƙauyenmu, arewa da Mayahi, a tsakiyar ɗari. Washegarin isowata, bayan sallar asuba, aka ga hayaƙi a gidan maƙwabcinmu. Ɗakin da matarsa da ƴaƴanta biyu suke kwana ne. Kafin a kawo ruwa daga rijiya jinkar ta rufta.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne ba wanda ya ji kuka. Kakata tana da katanga ɗaya da su, kuma idonta biyu tun kiran farko, amma ba ta ji ko tari ba. Da aka fito da su, an tarar kowa kwance a wurin kwanansa, ƙaramar ma hannunta ƙarƙashin kumatu. Ƙyauren yana nan a kare, ba alamar an taɓa shi.

Ban isa in yanke hukunci ba, don ni ba likita ba ne. Amma a lakkwal, wato makarantar boko, an koya mana cewa garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata guba marar wari, wadda ke kashe mai barci. Ina jin, wataƙila, sun riga sun cika kafin bargo ya taɓa kaskon wutar.

Mutanen gari kuwa cewa suka yi iska ce ta shiga ta tagar ɗakin ta danne su. Kafin la'asar na ga mata suna cusa tsummoki a kowace kafa. Kakata ta toshe tata tagar har da laka, sannan ta cika kasko da garwashi ta tura ƙarƙashin gado.

Na ce, “Iya, da za ki bar ƴar kafa ɗaya, kila ya fi.”

Ta ce, “Kai maigida, in buɗe mata hanya da hannuna? Wannan aka koya maka a Yamai?”

“Ban ce babu iska ba. Na dai ce wutar ita ma...”

“Ragon miji! In tsoro kake ji, zo ka kwana nan in tsare ka.”

Na kai tabarmata ɗakinta. Niyyata in ta yi barci in fitar da kaskon, amma ban san lokacin da nawa barcin ya ɗauke ni ba. Na farka da asuba tana jijjiga ni. Ina jin muryarta kamar daga ƙasan rijiya, kaina kamar an ɗora masa turmi, ƙafafuna sun ƙi tashi. Da jan ciki na kai ƙofa, na yi amai.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki kaskon da kanta ta kife shi a tsakar gida.

“Iskar nan ɗumin wutar ta biyo,” in ji ta a hankali. “Ni ta zo nema, ta same ka.”

Ban yi mata gardama ba. Har na bar garin, wuta ba ta sake kwana a ɗakin ba, tagar kuma tana nan a toshe.

Yanzu ina aiki a Tasawa. Kawuna da ke can ƙauyen ya ce ta daina kwana da kasko, amma ban sani ba ko don hankalina ya kwanta ne. Duk safiyar da sanyi ya tsananta nakan buga masa waya in ce ya kai mata wayar. Ina jin takunsa a kan yashi, sannan sallamarsa a bakin ƙyaure. Daga nan sai in riƙe numfashi, ina jiran a amsa.